Jan Layi a Kan Kalaman Baba

Ranar da Fiddausi ta fara shiga shagon Sagir, ko kallon fuskarsa ba ta yi ba. Hankalinta na kan bakin mayafinta, inda ta ƙulle filashin kwamfuta kamar yadda tsofaffi ke ƙulle goro. Ta yi sallama, ta tsaya tana fama da ƙullin da haƙori.

"Malama, in kika cinye mayafin nan ba mu da na aro," in ji Sagir.

Sai a sannan ta ɗago. Ta so ta ɓata rai, murmushi ya riga ta.

Shagon yana bakin titin da ya ratsa Kankia, tsakanin mai faci da wani kemis. Kwamfuta uku ce a ciki, da firinta ɗaya mai yawan tari. Aikin Sagir buga wa ɗalibai kundin kammala karatu, da duba musu shi kafin su miƙa. Akwai manhajar da ke gwada rubutu da dubban kundayen da jami'o'i suka adana. Duk jimlar da ta taɓa gani a wani wuri sai ta ja mata jan layi, ta faɗi sunan mai ita, ta kuma faɗi kashi nawa cikin ɗari na kundin ba sabo ba ne. A jami'ar su Fiddausi, abin da ya haura kashi ashirin mayar da shi ake yi. In kuwa aka tabbatar satar fasaha ce, kora ce, shekara huɗu ta bi ruwa.

Ya sa filashin, ya karanta sunan kundin: hikimomin makiyaya kan kiwon shanu a ƙasar Kusada. Sashen Hausa.

"Ke kika bi rugage kika tattara duk wannan?"

"Babana ya tattara," ta ce. "Malamin firamare ne a Mawashi, amma ɗan makiyaya ne. Malam Gajere. Shekara goma sha biyar yana bin tsofaffi da biro da littafin rubutu na 'yan makaranta. Ni nazari na yi a kan abin da ya bari, malamin da ke duba ni ya amince. Duk inda maganarsa take na sa sunansa."

"Allah ya ƙara mashi lafiya."

"Ya rasu, shekara shida ke nan."

Sagir ya yi masa addu'a, kunya ta kama shi. Kamar da gayya kuma sai netwok ya ɗauke. Suka jira har ruwan da ya haɗo ya sauka ya wuce, abin bai dawo ba. Ya karɓi lambarta, ya ce zai turo mata sakamako. Mu dai mun sani ko netwok bai ɗauke ba sai ya nemo dalilin karɓar lambar nan.

Da ta hau mashin za ta koma Mawashi, saƙo ya shigo.

"'Yar Malam, a kwantar da hankali. Kundin da aka ƙulle a bakin mayafi ba ya faɗuwa."

Ta mayar: "Mai na'ura, Allah ya sa na'urarka ta san haka."

Washegari da hantsi sakamako ya fito. Shafi bayan shafi ja wur. Kashi sittin da takwas.

Sagir ya saba ganin irin wannan, ɗalibai nawa ne suka yi kuka a kan bencin nan. Ya danna don ya ga daga ina aka kwaso, sai hannunsa ya tsaya a kan linzamin kwamfutar. Tushe ɗaya ne tak, kundin digiri na biyu da aka miƙa shekara goma sha biyu da suka wuce. Mai kundin: Haladu Umar Kankia.

Mahaifinsa ke nan.

Malam Haladu ya yi ritaya daga koyarwa a wata kwaleji, kuma a unguwarsu in ana rigimar gado ko gona shi ake kira. Da kundin nan ya samu ƙarin girma, da shi yake misali in yana yi wa 'ya'yansa faɗa kan naci. Sagir ya tuna wani babban littafi mai jan bango da ke can ƙasan kabad ɗin Baba, wanda tun suna yara aka hana su taɓawa.

Da Fiddausi ta zo, lambar kawai ya gaya mata.

"Sittin da takwas?" Ta zauna a hankali. "Maganar Baba ce fa. Ga littattafan a akwatin Inna. Wa zai riga shi faɗin maganarsa?"

"Wani tsohon kundi ne. Sunan bai fito sosai ba."

Ƙarya ta farko ke nan, kuma ta fito masa da sauƙin da ya ba shi tsoro.

"To yanzu ni ce ɓarauniya?"

"Ba wanda zai kira ki haka ina raye," ya ce. "Akwai dabara. Na'ura kalmomi take gani, ba ta ganin ma'ana. In muka sauya lafazi, muka juya jimloli, jan zai goge. Ki bar mani."

Ya gaskata har zuciyarsa cewa taimako yake yi. Zai tsare ta daga kora, ya tsare furfurar mahaifinsa, kowa ya tsira. Bai tsaya ya lissafa mutum na uku ba, wanda ke kwance a maƙabartar Mawashi.

Mako uku tana zuwa. Takan kawo masa kindirmon Inna a ƙaramin kwano, shi kuma ya ajiye mata kujerar da ke daidai fanka, ya kori duk wanda ya zauna kafin ta iso. Tana karanto jimla, yana juyawa. Lamba tana sauka, hamsin, arba'in, talatin, wani abu kuma yana hawa wanda na'ura ba ta aunawa.

Wata yamma ya turo mata saƙo: "Fiddo, yau kwastoma ya ce in buga mashi takardar haya, na rubuta Mawashi a wurin Kankia."

"Allah ya shirye ka. Ka mayar wa bawan Allah garinsa."

"Shi na mayar mashi. Ni ne dai na kasa dawowa."

Ta karanta wannan sau uku a gindin bishiyar ƙofar gida, ta tura wayar ƙarƙashin mayafi kamar wani zai ƙwace.

Ranar da lamba ta sauka kashi goma sha huɗu, ya ce mata yana so ya turo manya. Ta sunkuyar da kai, ta ce sai ta gaya wa Inna. Ta fita da sabon kundin a hannu tana jin kamar ba ƙasa take takawa ba.

A gidansu akwai wata al'ada tun rasuwar Malam Gajere. Duk Juma'a bayan la'asar, Inna Kulu takan shimfiɗa tabarma, ta ajiye ƙwaryarta, Fiddausi ta karanta mata shafi biyu ko uku daga rubutun marigayi. Inna ba ta karatun boko. Takan rufe ido ne kawai, ta ce muryarsa take ji.

Wannan Juma'ar Fiddausi ta ce, "Inna, bari in karanta maki daga kundina, an gama gyarawa." Ta buɗe, ta fara: "Bincike ya tabbatar da cewa dabbobi suna da ƙarfin tuna wuraren shan ruwa na tsawon lokaci."

Inna ta buɗe ido. "Wa ya hwaɗi haka?"

"Baba mana."

"A'a. Malam cewa ya yi, saniyar da ta sha rijiya tana maraƙa, ko bayan shekara bakwai ka biyo da ita ba sai ka nuna mata hanya ba. Haka ya ce, ina zaune ina damun hura. Wanga da kike karantawa ban san shi ba. Ci gaba mu ji."

Ta ci gaba. Shafi ɗaya, biyu, uku. Inna ba ta sake rufe ido ba. Can ta miƙa hannu ta dafa takardar.

"Bari haka nan, ɗiyata. Ba ya ciki. Kun fidda shi."

Fiddausi ta dubi kundin, tsaf kusan ba sauran ja, ta fashe da kuka. Ta yi aikin nan ne don sunan Baba ya shiga ɗakin karatu na jami'a, sai ga shi da hannunta ta taya an goge shi jimla bayan jimla, tana dariya, tana kai kindirmo.

Ta rubuta wa Sagir: "Ba zan miƙa wanda muka gyara ba. Na asali zan miƙa. Don Allah ka nemo mani sunan mai tsohon kundin nan."

Amsa ta daɗe kafin ta zo. "Fiddo, kora ce fa. Ki yi tunani. Sunan zan duba."

Kwana huɗu yana dubawa.

A tsakanin nan maganar aure ta isa kunnen Baffa Modibbo, ƙanen marigayi, wanda yake waliyyinta. Bai ji daɗi ba, don ya daɗe yana yi wa ɗansa Abdullatif sha'awarta. Abdullatif mai sayar da maganin dabbobi ne a Kusada, ba shi da hayaniya, kuma tun tana sakandare yake kawo mata littattafai bai taɓa cewa komai ba. Baffa ya ce ba ya ba da 'yar ɗan'uwansa ga wanda bai san asalinsa ba, a je a bincika. Wanda ya aika binciken kuwa Abdullatif ne, an ba kura ajiyar nama. Ita ma Fiddausi, da ta ji zai wuce Katsina sarin magani, sai ta ba shi filashin ta ce ya kai wani shago a duba mata, a bugo mata sunan.

Ya dawo da yamma, ya durƙusa gaban Inna da Baffa, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Yaron ba a hwaɗi aibinsa ba," ya ce. "Ɗan Malam Haladu Umar ne." Ya miƙa wa Fiddausi takarda. "Sunan da ke nan kuma, ki karanta da kanki. Wallahi na so a ce ba ni na kawo ba."

Ta karanta a fili. Inna ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Haladu," ta ce. "Dogo, mai tabarau. Ya zo nan bisa mashin, kina 'yar shekara goma. Kwana uku ya yi ɗakin zaure yana shan hurarmu. Malam ya tsabtace rubutunsa duka cikin babban littahi mai jan bango, waɗanga na akwati na gwaji ne. Haladu ya ce a ba shi aro mako biyu, zai kai jami'a a san da Malam. Shekara shida ubanki in ya ji ƙarar mashin sai ya leƙa. In na yi magana ya ce, Kulu, aro ne, mai ilmi ba ya cin aro. Har ciwon ajali, ranar da ya hi jin jiki, ya tambaye ni ko malamin Kankia ya aiko."

Baffa Modibbo ya kaɗe rigarsa ya miƙe. "Magana ta ƙare. Gidan da ya ci amanar yayana ba ya cin goron ɗiyarsa."

Fiddausi ba ta yi musu ba. Abin da ke ƙona ta ba Malam Haladu ba ne, shi ba ta san shi ba. Sagir ne, da ya dubi idonta ya ce sunan bai fito sosai ba.

Ta rubuta masa: "Ka sani tun ranar farko. Mako uku ina zaune kusa da kai kana goge Babana don ka rufe naka. Na yafe maka kindirmon. Sauran ban sani ba. Kada ka sake kirana."

Ya kira sau tara, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta: "Gaskiya kika faɗa, ba ni da abin kare kaina. Tsoro ne ya sa ni, tsoron rasa ki da tsoron kunyar Baba, sai na zalunci wanda ba ya nan ya yi magana. Ba na roƙon ki dawo. Ina roƙon ki sani son da na ce ina maki ba ya cikin abin da na juya."

Ta goge saƙon, bayan ta riga ta haddace shi.

Ranar Litinin ta miƙa kundin asali, da jan layinsa duka, ta haɗa da wasiƙa tana bayani, da littattafan gwajin Baba. Malamin da ke duba ta ya jujjuya su, ya yi ajiyar zuciya. Ba kwanan wata a jikinsu, ba sa hannu. Ya ce shi ya yarda da ita, amma kwamiti zai ce kowa na iya samun tsohon littafi ya kwafe. A takarda, wanda ya riga miƙawa shi ne mai magana. Aka sa mata ranar zama gaban kwamiti, mako biyu masu zuwa.

Sagir ya ji labarin a bakin wata ƙawarta da ta zo buga kundi, har da na aron littafi mai jan bango da yadda marigayi ya yi ta jiransa. Ya rufe shago tun azahar, ya sami mahaifinsa a ɗakin karatunsa. Ya durƙusa ya faɗi komai, har da nasa laifin.

Malam Haladu ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.

"Ka san mi kake nema in yi? In tashi da furfurata in ce wa jami'a digirina na wani ne? Ƙannenka mata suna gidajen miji, da wane ido za su dubi dangin mazansu? Yarinyar ta gyara kundinta kamar kowa. Kai kuma ka fita harkarta, ban yarda ba."

"Baba, ta ƙi gyarawa. Ta zaɓi kora da ta canza maganar mahaifinta."

"Ban yi niyyar cin amana ba," tsohon ya ce, muryarsa ta sauka. "Na sa sunansa a farko. Wanda ke duba ni ya ce malamin ƙauye ba madogara ba ne, in cire. Na cire, na ce in an gama zan koma in yi mashi bayani. Kullum sai in ce gobe. Da goben ta yi yawa sai kunya ta hana ni bin hanyar Mawashi. Ko jana'izar abokina da aka yi a ƙauyen Boko ban je ba, don kada in bi ta nan."

"Ya rasu yana jiran littafin."

Malam Haladu ya kai ido ƙasan kabad.

"Na san inda yake," in ji Sagir. "Ina iya ɗauka ba ka sani ba. Amma littafin nan an taɓa fita da shi ba da gaskiya ba, ba zan yi na biyu ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka buɗe shi ka duba."

Ya ajiye wata takarda a kan tebur ya fita. Ita ce wadda Fiddausi ta rubuta masa jerin gyare-gyare da hannunta, yana ajiye da ita a aljihu tun ranar.

Kwana biyu littafin bai motsa ba. A na uku, bayan sallar walaha, Malam Haladu ya durƙusa da ƙyar ya jawo shi daga ƙasan kabad. Rubutun Malam Gajere ne manya-manya, kowane babi da kwanan wata da sunan rugar da aka ji maganar. Zuwa ƙarshe rubutun ya fara karkacewa, sannan ya sauya gaba ɗaya, ya koma na yaro, ƙanana masu kwanciya gefe. A gefen shafin an rubuta da manyan baƙaƙe: "Idona ya yi rauni. Daga nan ɗiyata Fiddausi ke rubutawa, ni ina faɗa."

Shekara goma sha biyu da suka wuce ya karanta layin nan ya tsallake shi. Ya ɗauko takardar da Sagir ya bari ya ajiye a gefe. Hannun ya girma, amma kwanciyarsa tana nan. Yarinyar da za a kora kan sata, ita ta rubuta shafi arba'in na abin da ake cewa ta sata, tana 'yar shekara goma.

Ya rufe littafin ya kifa kansa a kai.

Ranar kwamiti Fiddausi ta shiga ita kaɗai, Baffa Modibbo na jiranta a waje. Malamai biyar ne, ga kundinta a gabansu ja wur. Ta yi bayani. Shugaban ya saurara da tausayi, ya ce hujja suke nema, ba labari ba. Yana cikin tattara takardu aka yi sallama.

Dogo ne, mai tabarau, ya rungume wani abu a ƙirji. Biyu daga cikin malaman suka miƙe, don ya taɓa koyar da su.

"Ku zauna," ya ce. "Ba a miƙe wa wanda ya zo amsa laifi. Sunana Haladu Umar. Na'urarku ta yi gaskiya, akwai sata a maganar nan, amma ta nuna wanda ba shi ba."

Ya ajiye littafin, ya buɗe shafin, ya ajiye wasiƙar da ya sa wa hannu. Fiddausi ta ga jan bangon, ta ga rubutunta na ƙuruciya, har da inda ta ɓata tawada Baba ya ce ba komai. Ta kai hannu ta shafa wurin.

An wanke ta a ranar. Malam Haladu kuma jami'a ta karɓe digirinsa bayan wata biyu, labari ya zaga Kankia. Aka daina kiransa rabon gado. Wasu da ke gaishe shi a durƙushe suka koma ɗaga hannu daga nesa. Ya rame, ya rage fita, amma matarsa ta ce rabon da ta ga yana cin abinci da daɗi haka an daɗe.

Ya bi hanyar Mawashi a ƙarshe, Sagir ya goyo shi a mashin. Inna Kulu ta ji ƙarar mashin ta tsaya a ƙofar gida, ta ce daga baya sai da gabanta ya faɗi. Ya tsuguna a bakin zaure, ya miƙa littafin da hannu biyu.

"Na maido aro. Na makara."

Inna ta karɓa daga bayan labule, ta shafa bangon. "Wanda ka ara wurinsa ba ya nan, Malam. Ni ba ni iya yahe maka a madadinsa." Ta rungume littafin. "Amma shi bai taɓa kiranka ɓarawo ba, har ya koma ga Allah cewa yake za ka maido. Ga shi ka maido. Ba ni ƙaryata shi yana kabari. Nawa haƙƙin na yahe."

Tsohon ya yi kuka kamar yaro. Baffa Modibbo, da ya zo da niyyar faɗa, ya raka shi maƙabarta suka yi addu'a tare.

Sagir kuwa ko inuwar Fiddausi bai gani ba. Damina ta wuce, aka yanke gero, aka ɗaure dawa, ba kira ba saƙo. Shi ma bai dame ta ba. Abin da ya yi kawai, ya manna takarda a ƙofar shago cewa a nan ana dubawa, ana koya wa ɗalibi yadda zai ambaci mai magana, amma an daina juya jimla don a ɓoye ta. Rabin kwastomominsa suka koma wani shago.

Abdullatif ne ya kawo mata labarin takardar. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Baffa na son a sa rana," ya ce. "Ni ma ina so, kin sani. Amma wata huɗu ke nan, duk mashin da ya wuce sai kin ɗaga kai. Gidan ga an yi jiran mashin ya isa haka nan. Na gaya wa Baffa na janye."

"Yaya Abdullatif, ka yafe mani."

"Ba ki yi mani komai ba. Allah ya sa shi ne alheri."

Da yamma wayar Sagir ta yi ƙara.

"Mai na'ura, an ce in kai kundi a ɗaure. Jan bango nake so. Ban ce na huce ba."

Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. "Ko shekara bakwai za ki yi, 'Yar Malam, ba sai an nuna mani hanya ba."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla a ƙofar gidan marigayi. Malam Haladu ya zauna can baya, ya wakilta ƙanensa ya karɓi auren, ya ce shi bai cancanci gaba ba. Baffa Modibbo ya ratsa mutane ya kamo hannunsa ya zaunar da shi kusa da liman. Da za a tafi da amarya, Inna ta sa littafi mai jan bango a ƙasan akwatinta. Kujerar da Malam Gajere ke zama a zaure ba wanda ya hau ta ranar, kuma kowa a gidan ya san dalili.

Mako biyu da tarewa, wata Juma'a bayan la'asar, Sagir ya shigo da kwamfutarsa ya ajiye a gabanta.

"Jami'a ta gyara rumbunta. Na sake duba kundinki."

Ta leƙa. Shafukan na nan ja wur, kashi sittin da takwas, ko ɗaya bai ragu ba. Ya danna inda ake ganin mai magana. Sunan da ya fito shi ne Gajere Abdurrahim Mawashi.

Ta kai yatsa ta taɓa sunan a jikin gilashin. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Bar shi ja," ta ce. "Kada ka taɓa ko wasali."

Sannan ta kira Inna, ta sa wayar a tsakaninsu, ta buɗe babban littafin a cinyarta ta fara karantawa. Can a Mawashi tsohuwa ta ajiye ƙwaryarta ta rufe ido.

Allah ya jiƙan Malam Gajere, ya yafe wa wanda ya makara amma ya zo, ya zaunar da Fiddausi da Sagir lafiya, ya ba su zuriyar da za ta riƙe amana.